Sanyin Jurab da batirin da na ƙi canzawa

Tun a gareji rigimar ta fara, saura kwana biyu mu bar Njamena. Baba, direban da ya fi shekara ashirin yana tuƙa wa kawuna mota, ya ɗaga bonet ya daɗe yana kallon batir, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ba zai kai mu Faya ba." Kuɗin tafiya kuwa a aljihuna suke. Kawu na kwance da ciwon ƙafa, ya damƙa mini komai, ya ce in je in sayo dabino in dawo masa da lissafi. Da azahar ne, rana na dukan ƙarfen motar. Na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na kashe na sake, ta sake tashi. Na ce, "Baba, ai ga shi kana gani da idonka. Me za a canza wa abin da ke aiki?" Bai ja da ni ba. Ya rufe bonet ya ce Allah Ya kai mu lafiya. Daga baya na hango shi yana cusa wayar haɗa batir, irin mai kaurin nan, a bayan kujera.

Motar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, mai injin gazuwal da ake kira 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Duk wanda ya san arewacin Chadi ya san ita ce raƙumin zamanin nan. Mun tashi bayan sallar asuba a tsakiyar watan Janairu, mu uku: ni, Baba da yaron mota, a baya ga duro biyu na mai da jarkokin ruwa. Tare da mu akwai mota ta biyu ta wani Alhaji ɗan ƙabilar Goran, ɗan asalin Faya, abokin cinikin kawu, domin wannan hanya mai kusan kilomita 1,000 ba a shigarta da mota ɗaya. Muka wuce Jarmaya inda matatar man ƙasar take tun 2011, muka wuce Masaget, daga Masakori muka yi sallama da kwalta.

Da yashi ya fara kama taya, sai aka tsaya aka rage iska zuwa kilo ɗaya da rabi. Muka bi kwarin Bahar al-Gazal, tsohuwar hanyar ruwan da a zamanin da ke ɗebe ambaliyar tafkin Chadi zuwa arewa, yanzu kuwa sai ƙayoyi da rijiyoyi da garken raƙuma. A Musoro muka kwana, kuma a nan na fara ganin abin da na ɗauka tsabar fi'ili ne na tsofaffin direbobi. Kowa ya gaji, kowa na neman shayi, amma Baba bai zauna ba sai da ya yi ta kewaye da mota har ya samu wuri mai tauri da ɗan gangare, ya juya bayanta ga iska, hancinta na kallon kudu maso yamma. Ya sa yaron mota ya zuƙo mai daga duro ya cika tanki maƙil, ta cikin kyalle. Na ce a bari mana sai da safe. Ya ce, "Tankin da ya kwana da yunwa gumi yake yi ta ciki." Wato iskar da ke cikin tanki idan ta yi sanyi, laimar da ke cikinta kan zama ɗigon ruwa ta gangara ƙasan mai. A ganina iskar wannan yanki ba ta da wata laimar kirki, kuma ruwan da muka riƙa tsiyayewa a ƙasan filtar mai kowace safiya, rabin kofin shayi ko ƙasa da haka, daga gindin duro ya fito. Amma ko daga ina ya fito, ba abin da famfon gazuwal ya tsana kamar ruwa.

Da safe yaron mota ya zo da gudu wai tayoyi huɗu duk sun yi faci. An sa geji, kowace ta ragu da kusan kashi biyu cikin goma na kilo. Baba ya yi dariya ya ce wace irin ƙaya ce ke da adalci haka, ta raba wa kowa daidai? Jiya da rana tsaka aka auna su suna da zafi, yanzu sun kwana cikin ɗari. Duk saukar digiri 10 na zafi kan rage wa taya wajen kashi ɗaya cikin goma na kilo, rana na ɗagawa iskar za ta koma inda take. Shi ya sa awon gaskiya shi ne na safe, kafin taya ta yi tafiya. Mota ta tashi a ranar, amma da ɗan jan numfashi. Baba ya dube ni, ni kuma na dubi wani wuri.

Dare na biyu a fili muka yi shi, can gaba da Salal. Ni haifaffen Njamena ne, na san hunturu, na san leɓe ya tsage, na san faso, na san yara su ƙi wanka. Amma wannan wani abu ne dabam. Rana na faɗuwa yashi ya saki zafinsa kamar an buɗe ƙofa, babu gajimare ko ɗaya da zai tare shi. Kafin isha'i na sa riga uku, na naɗa rawani har hanci irin na mutanen Alhaji, ina rawar ɗari a bakin wuta. Da asuba ruwan alwala kamar ana yanka mutum da reza. Ma'aunin da ke liƙe a motar Alhaji ya nuna digiri 6, ga iska kuma mai ratsa ƙashi.

Baba ya shiga, ya murɗa makulli rabi, ya jira 'yar fitilar hita, abin da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar da shi, ta mutu, ya mayar, ya sake, sannan ya murɗa gaba ɗaya. Injin ya juya sau biyu cikin nauyi kamar tsohon da aka tasa daga barci. A na uku sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba suka dushe. Shiru. Ba wanda ya ce komai, kuma wallahi da ma zagina aka yi da ya fi mini sauƙi.

Na kai hannu zan sake murɗawa, Baba ya riƙe ni. Ya ce ba a wuce daƙiƙa goma ana juya kik, in ba haka ba a ƙona shi a ƙara wa kai wata masifar. Muka sauko. Yana kunce kan batir yana yi mini bayani, ba da faɗa ba, kamar mai karanta wa almajiri allo. Injin gazuwal ba shi da filogi mai tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Idan ƙarfen ya kwana cikin sanyi, shi ke shanye zafin, shi ya sa ake da hita, ita kuma hitar daga batir take ci. Baƙin mai ya yi kauri kamar zuma, sai kik ya yi aiki ninki kafin ya juya injin. Shi kuma batir, ruwan acid ɗin da ke cikinsa sanyi na rage masa kuzari. Kenan a safiyar da aka fi buƙatarsa, a nan ya fi rauni. Ya ce, "Ba sanyin nan ya kashe shi ba. Zafin Afrilu na Njamena ne ya cinye shi, lokacin da ake wuce digiri 40, ruwansa ya ƙafe ba wanda ya duba. Sanyi asiri kawai ya tona." Direban Alhaji ya kawo ƙaramar mitar awon ƙarfin batir ya ɗora. Lafiyayyen batir mai cikakken caji 12.6 yake nunawa. Namu 11.9.

Yaron mota ya ce a ɗebo garwashi a tura ƙarƙashin injin, ya ga manyan motoci na yi. Baba ya nuna masa maiƙon da ya lulluɓe ƙasan injin, ya nuna masa duro biyu na mai a baya, ya tambaye shi ko a ƙafa yake son ƙarasawa Faya. Abin da ya yi ya fi haka ban mamaki. Kawunan batir duk sun yi wani farin gari mai kore-kore. Ya karɓi guntun kanwa daga jakar mai dafa abinci, ya jiƙa a ruwan ɗumi, ya riƙa ɗiga wa kawunan yana gogewa, yana kula kada ko ɗigo ya shiga ramukan batir. Abin ya yi ta kumfa yana tsuwwa, domin kanwa kishiyar acid ce. Da suka fito fes aka ɗaure su tam, aka matso da motar Alhaji. Jar waya daga kai mai alamar tarawa zuwa ɗan'uwansa, baƙar waya daga ɗaya kan na batirin Alhaji zuwa wani ƙarfe a jikin injinmu, nesa da batir, saboda batir na fitar da iska mai kama wuta. Aka bar motar Alhaji tana aiki wajen minti goma. Baba ya yi hita sau biyu, ya yi bisimilla. Ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, ta girgiza, ta kama.

Na ce ya ba ta wuta ta warware. Ya ce a'a. Mai bai gama hawa saman injin ba, wanda ya taka totur a wannan lokaci ƙarfe yake gogawa da ƙarfe. Ya bar ta minti biyu ko uku, sannan muka fara tafiya a hankali. A nan ya tambaye ni wane mai aka zuba mata. Na ce mai kauri, mai lamba 50, wanda bakanike ya ce ya fi jure zafi. Ya girgiza kai. Da 15W-40 aka sa, in ji shi, da safiyar ta zo da sauƙi. Harafin nan na tsakiya alamar lokacin sanyi ne, kuma duk ƙanƙantar lambar da ke gabansa, haka man ke saurin gudu da sanyin safiya.

Ba a nan asirinmu ya gama tonuwa ba. Mun yi fiye da rabin awa muna tafiya allurar zafi na kwance a ƙasa, hitar cikin mota kuma iska mai sanyi take busa mana. Baba ya ce tabbas an cire tamostat. Al'ada ce a garejinmu, da mota ta fara zafi sai bakanike ya zare shi ya jefar, ya ce na ƙasashen ƙanƙara ne. Alhali aikinsa ya tsare ruwa a cikin injin har ya kai wajen digiri 80 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Babu shi, injin na tafiya da sanyi, yana shan mai, yana tara baƙin toka. Ya yage kwalin taliya ya rufe rabin gaban lagireto, allura ta ɗaga zuwa tsakiya, yatsun ƙafata suka dawo da rai. Wajen ƙarfe goma, da muka shiga yashi mai laushi injin ya fara nishi, ya tsaya ya cire kwalin. Ya ce wanda ya manta da shi zuwa azahar, sai ya nemi sabon kan injin.

A daren nan aka yanke mini hukunci. Muna tsayawa, injin na da sauran ɗumi, Baba ya ce, "Ɗana, kawo bargonka." Ya kwance batir, ya naɗe shi ciki kamar jariri, ya ajiye a ƙasan kujera ya rufe ƙofa. Ni kuma aka ba ni buhunan da za mu zuba dabino. Mutanen Alhaji suka yi ta dariya, suna cewa da Larabcinsu batir ya yi aure ya kori mai gida.

Kashegari muka shiga hamadar Jurab, kuma a nan na ga gidan su hunturu. Tun hantsi sararin arewa ya yi fari fat, ba ja irin na guguwar damina ba, fari kamar an watsa garin alabo. Kafin azahar ba ma ganin motar Alhaji da ke gabanmu. Aka tsaya kusa da juna, aka juya baya ga iska. Baba ya ɗaure tsumma a bakin bututun shaƙar iska, ya shafa giris a fitilun gaba, ya ce yashin nan in ya samu awa biyu sai ya mayar da gilashi kamar an goge shi da sanfefa. Muka zauna a ciki kusan awa biyar, ƙura na shigowa ta inda ba ka san akwai kafa ba, duk ƙarfen da ka taɓa sai ya ja ka kamar lantarki.

Yamma da inda muke akwai kwarin Bodele, gindin wani tafki da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Farin garin nan ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, da suka mutu suka taru a ƙasan tafkin. Iskar arewa maso gabas na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a bakin tiyo, ta fito da ƙarfi ta kwashe shi, kusan kwana 100 a shekara. Shi ne hazon da ke rufe Njamena da Marwa da Kano, yana hana jirage sauka, wani ma har ya haye tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Ina zaune ina tunanin mahaifiyata da ke share tsakar gida sau uku a rana tana tsine wa ƙura, ga ni yau a bakin rumbunta.

Da iska ta lafa na kai hannu zan kunna waifa, Baba ya buge mini hannu. Sai da aka kwarara ruwa ƙurar ta gangara da kanta, sannan aka goge. Ruwan ma ba mai zafi ba, domin gilashin da ke da ɗan tsagu in ya kwana cikin sanyi aka watsa masa ruwan zafi, tsagun sai ya ruga har ƙarshe. Filtar iska kuwa bai yarda a buɗe ta ba sai da ƙura ta kwanta sarai. Ya zaro ta a hankali, ya bubbuga da tafin hannu, ya hura ta da injin iskar taya daga ciki zuwa waje, ya saka tocila a cikinta yana juyawa ko zai ga haske ya ɓullo ta wani rami. Garin da ya zubo ya kai mudu. Ya ce filta mai ƙura ta fi filta mai huji sau dubu, ta farko ƙarfi kawai za ta rage maka, ta biyu ringin cikin injin za ta cinye.

Bayan Kuba Olanga muka fara cin karo da gawarwakin tankokin yaƙi, rabinsu a binne. Ragowar yaƙin Chadi da Libiya ne. A 1987 sojojin Chadi a cikin irin wannan mota tamu suka karɓe Fada a watan Janairu, suka karɓe Wadi Dum a watan Maris, sojojin Libiya suka fice daga Faya, har duniya ta riƙa kiran abin yaƙin Toyota. Alhaji ya gargaɗe mu kada mu kauce daga sawun motoci, har yanzu akwai wuraren da nakiyoyi ke kwance.

Faya ta bayyana ne kwatsam, daga saman wani dutse sai ga kore shar, itatuwan dabino iya ganinka a cikin kwari, a garin da kan yi shekara bai ga ruwan sama na kirki ba. Ruwansu daga ƙarƙashin ƙasa yake. Cinikin dabino bai ba ni wahala ba, Alhaji ya tsaya mini. Inda na fi daɗewa shi ne tashar mota, wajen direbobin da ke hawa Zuwar da Bardai. Da na ba su labarin digiri 6 sai suka yi mini kallon yaro. A can saman Tibesti, inda dutsen Emi Kusi ya kai mita 3,415, ruwa ƙanƙara yake zama a jarka da dare. Wani ya ce ya taɓa tashi ya tarar gazuwal ya yi kauri kamar kunun kanwa, mota ta tashi ta yi 'yan mitoci ta mutu. Kakin da ke cikin man ne ke daskarewa ya toshe filta, shi ya sa suke ɗan sirka shi da kananzir kafin su hau, kaɗan dai, don kananzir ba shi da santsin da famfo ke so. Kuma ba mai hawa can da ruwan rijiya a lagireto. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, yana iya fasa injin. Ruwan lagireto mai launi suke sawa, wanda in aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta ba ya daskarewa sai an sauka ƙasa da sifili da digiri 30 da wani abu, ga shi yana hana tsatsa. Baba ya buɗe namu da safe ya nuna mini ruwan, ja kamar na kududdufi. Rijiyoyin hanya da yawa ruwan kanwa ne, kuma kanwar da ta wanke mana kan batir, a cikin lagireto ɓarna take yi.

Na sayi tamostat, na sayi galan biyu na ruwan mai launi, aka juye baƙin mai aka zuba 15W-40. Batir kuwa, mai shagon ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka na Njamena, ya kuma ƙi rage ko dala. Na waiwayi Baba ko zai sa baki, sai na ga ya duƙufa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na biya.

A hanyar dawowa mun sake kwana kusa da inda ta ƙi tashi, ɗauke da buhu talatin na dabino. Da asuba Baba ya miƙo mini makulli ya ce in gwada. Na jira fitilar hita ta mutu, na murɗa, ta kama kafin in saki hannu. Na ɗora ƙafa kan totur, na tuna, na janye.

Da muka isa gida na zauna gaban kawu na karanta masa lissafi. Da na zo kan kuɗin batir sai ya ɗaga kai ya dubi Baba, Baba ya dubi rufin ɗaki, kawu ya ce in ci gaba. Uwargida ce ba ta yafe ba. Ta warware bargon za ta wanke, ta tarar acid ya huda shi wuri bakwai, kuma cikin kayan aurenta yake.